Yadda Ake Haɗa Tokar Buntun Shinkafa a Lakar Jan Bulo

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan injin casar shinkafa a Sakkwato, ko a Wurno da Goronyo bayan an yi girbi, ya san tsibin buntun da ake tarawa har ya fi mutum tsawo. Wani a cinna masa wuta ya yi kwana da kwanaki yana turnuƙe unguwa da hayaƙi, wani a bar wa iska. Masu kiwon kaji suna ɗibar na shimfiɗa, amma abin ya fi ƙarfinsu. To wannan buntun, in an ƙona shi yadda ya kamata, tokarsa tana gyara lakar da ake buga jan bulo da ita. Tana hana bulo tsagewa wurin bushewa, tana rage masa nauyi, kuma bangon da aka gina da shi ba ya saurin shigo da zafi cikin ɗaki. Wanda ya kwana a ɗakin bulon siminti cikin watan Afrilu a garin nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan na ƙarshen ba.

Sai dai toka a laka kamar kanwa ce a miya. Kaɗan ta gyara, in ta yi yawa a zubar da tukunya. Kuma babu wanda zai zauna a wani gari ya yanke maka adadin da ya dace da lakar ramin da kake haƙa. Kai za ka auna, ka gwada, ka gasa, ka gani.

Wace toka?

Ba kowace toka ce ɗaya ba, kuma a nan na fara cin ƙasa.

Tokar buntun shinkafa kusan dukkanta silika ce, wato sinadarin da ke cikin yashi. Yakan kai kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari. Saboda haka aikin da take yi a laka irin na yashi ne, sai dai ta fi yashi laushi da rashin nauyi, kuma kowane ƙwayarta cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Laka mai danƙo tana tsukewa in ruwa ya fita daga jikinta, wannan tsukewar ce ke tsaga bulo. Ita toka ba ta tsukewa, sai ta riƙe lakar, ta kuma buɗe wa ruwa hanyar fita a hankali.

Tokar karan hatsi, karan dawa, totuwar masara da ɓawon gyaɗa daban take. Tana da gishirin toka da yawa, wannan da iyayenmu mata ke tacewa su sami ruwan toka na miya ko na haɗa sabulu. A cikin wuta wannan gishirin yana sa laka ta yi saurin narkewa ta haɗe jikinta, abin da ke da amfani in kaɗan ne. In ya yi yawa, bulon da ke kusa da bakin wuta zai lanƙwashe, wanda ya tsira kuma da ya sha ruwan damina sai ya fito da farin gishiri a fuska, filasta ta ƙi zama.

Karon farko da na gwada, tokar karan hatsi na kwaso daga gona, ban tace ba, ban auna ba, na dinga zuba wa laka da daro. Kawuna, wanda ya yi shekaru yana ginin tubali, ya zo ya ɗauki bulo ɗaya bayan an sauke gashi, ya murza gefensa da babban yatsa, sai ga shi yana zuba kamar ƙuli-ƙulin da ya kwana a ruwa.

"Mi kaz zuba cikin wagga laka?"

"Toka ta, Kawu."

"Kwano nawa?"

Na yi shiru.

"To ɗana, wanda bai san abin da yaz zuba ba, ba ya sanin abin da zai rage."

Bulo ɗari huɗu da wani abu, da su na cike ramin ƙofar gida.

Shawarata, fara da tokar buntu ita kaɗai. In dole sai ka yi amfani da ta kara, zuba ta a kwando ko tsohuwar tukunya mai huji, ka kwarara mata ruwa sau biyu ko uku kamar yadda ake tatar ruwan toka, ka shanya ta bushe, sannan ka haɗa. Ruwan da ya fita kada ka zubar, mutanen cikin gida suna so.

Ƙona buntun

Samo busasshen buntu wanda ba a haɗa da leda, ƙasa ko sharar kasuwa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sami tsohon durom ka fasa ƙananan huji a gindinsa da gefensa, ka ɗora shi a kan duwatsu uku don iska ta shiga ta ƙasa. Tsayar da wani bututun ƙarfe mai huji a tsakiya, ka cika kewayensa da buntu, ka kunna wuta ta cikin bututun da 'yan ƙirare. Buntu ba ya ci da harshen wuta, cinyewa yake yi a hankali kamar garwashi. Durom ɗaya yakan kwana yana ci. Kada ka zuba masa ruwa don gaggawa, bar shi ya mutu da kansa.

Launin tokar ne zai gaya maka ko ta yi. Fara ko mai ruwan toka-toka ita ake nema. Baƙa ƙirin tana nufin sauran gawayi a ciki, iska ba ta ishe ta ba. Baƙar ba ta lalace ba, domin gawayin zai ƙone a cikin bulo lokacin gashi, amma zai bar ramuka fiye da yadda ka lissafa, kuma yana iya barin baƙin ciki a tsakiyar bulon in wuta ta yi sauri. Gara ka mayar da ita durom ta ƙarasa.

Kada kuma ka hura mata wuta da mafici ko zuga-zugi don ta yi fari da wuri. In zafin ya wuce wajen digiri 700 zuwa 800, silikar tana rikiɗa ta koma irin wadda ƙurarta ke lahanta huhu. Ko ba haka ba ma, duk lokacin da kake tankaɗe ko juya busasshiyar toka, sa takunkumi, ka tsaya iska tana bayanka, kuma kori yara daga wurin.

Bayan ta huce, daka ta kaɗan a tsohon turmin da ba a abinci da shi, ka tankaɗe da rariya mai laushi irin ta garin tuwo. Adana a buhu mai leda a ciki, a ɗaki.

Ga lissafin da ya kamata ka yi tun kafin ka ɗauko diga. Buntu kusan kashi ɗaya ne cikin biyar na nauyin shanshera, toka kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin buntu. Ke nan kilo 100 na buntu zai ba ka toka wajen kilo 20. Bulo mai tsawon santimita 23, faɗi 11, kauri 7 yana cin busasshiyar ƙasa kusan kilo 3. Bulo 1,000 tan 3 ke nan. In toka kashi 5 cikin ɗari za ka sa, kana bukatar kilo 150 na toka, wato buntu kilo 750. Da yake buntu ba shi da nauyi, wannan lodi ne na gaske, ba abin ɗauka a kan babur ba. Yi maganar mota da mai injin tun da wuri.

Zaɓen laka

Kankare ƙasar sama da ke da saiwoyi da taki, ka ajiye ta gefe, ka haƙa daga abin da ya kai zurfin gwiwa zuwa ƙasa. Ɗebo daga wurare uku ko huɗu a ramin, don laka takan canza ko a taku goma.

Jiƙa kaɗan ka murza a tafin hannu ta zama igiya mai kaurin fensir. In ta ƙi murzuwa tana wargajewa, yashi ya yi mata yawa, kuma irin wannan ba ta bukatar toka ko kaɗan, ƙara mata lalacewa za ka yi. In ta murzu har ka naɗe ta a yatsa ba ta karye ba, danƙonta ya yi yawa, ita ce toka za ta yi wa rana. Baƙar lakar fadamar Rima, wadda ke dararrabewa da rani har ƙafar akuya ta shige, tana cikin wannan sahun. Ita kaɗai ba ta yin bulo, sai an sassauta ta da toka, wani lokaci har da ɗan yashi ko jar ƙasa.

Sai gwajin kwalba. Zuba ƙasar zuwa kashi ɗaya cikin uku na farar kwalba, cika da ruwa, sa ɗan gishiri, girgiza sosai, ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, taɓo mai laushi a tsakiya, zallar laka a sama. In zallar lakar ta kai tsakanin kwata zuwa sulusin abin da ya kwanta, ƙasar mai kyau ce. In ta kai rabi, shirya toka da yawa.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman a nan. Ƙasar Sakkwato tana da dutsen farar ƙasa, shi ya sa ma aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina tun shekarun 1960. Wannan dutsen alheri ne ga siminti, amma masifa ne a cikin jan bulo. Ɗan tsakuwarsa ko kamar ƙwayar wake, in ya shiga wuta sai ya ƙone ya zama ɗanyen farar ƙasa. Bulon zai fito lafiya lau, ka yi murna. Bayan mako biyu ko uku, da ya shaƙi laima, sai tsakuwar ta kumbura ta ɓalle fuskar bulon, ka ga rami da farin gari a tsakiya. Don haka duk farin tsakuwar da ka gani a laka, ɗiga masa ruwan lemun tsami. In ya yi kumfa yana tafasa, shi ne. Ko dai ka sake rami, ko ka shanya ƙasar ka farfasa ka tankaɗe ta da waya mai ƙananan ido, wadda ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba.

Gwajin da ba a tsallakewa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke ƙosawa.

Nemi sikeli, ko na masu awon hatsi ne ka ara. Da nauyi ake auna toka, ba da kwano ba, domin kwanon toka bai kai rabin nauyin kwanon ƙasa ba, kuma nauyinta yana canzawa gwargwadon yadda aka daka ta. Shanya ƙasarka ta bushe, ka farfasa, ka kasa kashi huɗu kamar haka: na farko ƙasa kilo 20 babu toka, na biyu ƙasa kilo 19 da toka kilo 1, na uku 18 da 2, na huɗu 17 da 3. Wato babu, kashi 5, kashi 10, da kashi 15 cikin ɗari. Kowane kashi zai ba ka bulo shida.

Buga su rana ɗaya, da akwati ɗaya. Dangwala yatsa a jikin kowane bulo don shaida: ɗigo ɗaya, biyu, uku, huɗu. Kada ka dogara da alli ko gawayi, wuta za ta cinye. A kan kowanne, tun yana ɗanye, ja layi da ƙusa mai tsawon santimita 10 daidai. In ya bushe ka sake aunawa. Layin da ya koma ƙasa da santimita 9.3 yana nuna lakar tana tsukewa da yawa, tana son ƙarin toka ko yashi. Wannan awon ne kuma zai gaya maka yadda kafinta zai ƙara wa akwatin buga bulo girma, don bulon ya fito daidai bayan ya bushe ya gasu.

Gasa su tare a wuri ɗaya, su sha wuta iri ɗaya. In ba ka da naka wurin gashi tukuna, roƙi mai gasa bulo ya sa maka su a tsakiyar nasa. Ramin masu tukwane ba ya kai zafin da bulo ke so, kada ka yanke hukunci da shi.

Mafi yawan laka tana tsayawa tsakanin kashi 5 zuwa 10. Daga nan in ka ƙara, bulo yana ƙara sauƙin ɗauka amma ƙarfinsa na raguwa, shan ruwansa na ƙaruwa, domin silikar ba ta narkewa a zafin da muke iya kaiwa, tana nan a matsayin ciko. Tawa lakar a kashi 10 ta daina tsagewa, a kashi 15 gefen bulo ya fara marmashewa, sai na tsaya a 8. Taka tana iya bambanta. In ka sami adadinka, sai ka auna daro nawa na toka ke tafiya da baro nawa na ƙasa, ka yi wa daron shaida da fenti, leburori su bi wannan.

Kwaɓi da bugu

Haɗa ƙasa da toka a bushe tukuna. Shimfiɗa ƙasa, barbaɗa toka, ƙara ƙasa, sannan a juya da shebur sau uku har launin ya zama ɗaya. In ka zuba toka a kan jiƙaƙƙiyar laka, dunƙulewa za ta yi, kuma kowane dunƙule rauni ne a cikin bulo.

Yi rami a tsakiyar tsibin, zuba ruwa, rufe da tsofaffin buhuna ko leda, bar shi ya tsima kwana biyu. Kawu yana cewa laka ba ta son a tashe ta daga barci. Rana ta uku a tattake da ƙafa har ta yi laushi ba gudaji. Masu tattakawa su sa takalmin roba, don toka tana cin ƙafa, mai faso kuwa zai gaya maka da daddare. Lura cewa lakar da ke da tokar buntu tana shan ruwa fiye da wadda ba ta da ita, amma kada a mai da ita kunu. Dunƙula a hannu: ta riƙe siffar yatsunka ba ta manne ba, ta yi.

Jiƙa akwatin, barbaɗa masa yashi mai laushi ko tokar kanta. Ɗauki curin laka da ya fi akwatin yawa, ka maka shi ciki da ƙarfi sau ɗaya don ya cika kusurwoyi. Kada ka yi ta ciko da guntu-guntu, wurin haɗin nan ne bulo ke rabewa a wuta. Share saman da katako, kife a fili mai laushi da aka share aka barbaɗa yashi.

Shanya

A wasu garuruwa matsalarsu bulo ya ƙi bushewa. Mu tamu ita ce ya bushe da wuri. Iskar hunturu da ranar bazara suna busar da fatar bulo cikin sa'o'i kaɗan alhali cikinsa jiƙe yake, sai ya tsage. Rufe sabon bugu da zana, ciyawa ko buhu na kwana biyu zuwa uku, ka kuma kare ɓangaren gabas da arewa inda iska ke bugowa. Bayan nan tayar da su a kan gefe. In sun yi mako, jera su hawa-hawa da tazara don iska ta ratsa. Duka-duka mako biyu zuwa uku. Kafin gashi fasa ɗaya: in tsakiyar ta fi gefen duhu, ko ka kara a kumatu ka ji sanyi, da saura.

Daga Nuwamba zuwa Afrilu ne lokacin wannan aiki. Hadari ɗaya na farkon damina ya isa ya mayar da aikin wata guda laka.

Gashi

Zaɓi wuri mai tudu, busasshe, nesa da gidaje da rumbuna. Jera bulo a kan gefensu ka bar ramukan wuta daga wannan gefe zuwa wancan, faɗin kowanne ya isa a tura itace, ka rufe samansu da bulo a hankali kamar bakan gizo. Ci gaba da jerawa sama, kowane hawa ya gitta na ƙasansa, tsakanin bulo da bulo tazarar yatsa ɗaya. Kowane 'yan hawa a ɗan matso ciki don tsibin kada ya rushe. Kewaye waje da fasassun bulo, a yaɓe da laka, a bar 'yan kafofi a sama.

Itace ya yi tsada a ƙasar nan, kuma kowa ya ga yadda daji ya koma. Zuba ɗanyen buntu a tsakanin jerin bulo yana rage itacen da za a ci, kuma a Indiya da Tanzaniya akwai masu gasa bulo da buntu zalla. Kada dai a cusa shi har ya toshe hanyar iska. Tokar da za ka kwashe bayan gashi tana shiga kwaɓi na gaba, in ka tankaɗe ta da takunkumi a fuska, domin ta riga ta sha wuta mai tsanani.

Kwana ɗaya zuwa biyu na farko ƙaramar wuta ake yi, kamar ta ɗumama tuwo. Za ka ga farin tururi yana fita ta sama, ragowar ruwan bulo ne. Wanda ya zuga wuta a wannan lokaci zai ji bulo na fashewa a ciki kamar gugguru. Zura sandar ƙarfe mai sanyi ta kafar sama, ka zaro bayan ɗan lokaci. In ta fito da raɓa, ci gaba da ƙaramar wuta. In ta fito a bushe, ƙara itace sannu a hankali. A wajen digiri 573 yashin da ke cikin laka yana kumbura farat ɗaya, shi ya sa ba a son tsalle, ko wurin hawa ko wurin sauka.

Daga nan a riƙe babbar wuta kwana biyu zuwa uku, dare da rana, mutum biyu suna karɓa-karɓa. Zafin da ake nema digiri 900 zuwa 1,000 ne. Ba mu da na'urar awo, amma da dare ido yana gani. Leƙa ta ramin wuta: ja mai duhu bai kai ba, ja mai haske ya kusa, in bulon ciki ya koma launin lemun zaƙi yana ƙyalli, an iso. Riƙe shi a haka, har saman tsibin ya yi zafin da in ka jefa busasshiyar ciyawa za ta kama, kuma ka ga tsibin ya ɗan zauna. Sai a toshe ramukan wuta da bulo da laka, a rufe kafofin sama, a tafi gida. Kada a buɗe kafin mako guda, ko da mai gini yana tsaye a kanka da mota.

Tantance abin da ya fito

Ɗauki biyu ka gwara su. Gasasshen bulo yana ƙara kamar ƙarfe, wanda bai gasu ba sai ka ji "bup". Karce da ƙusa, kada ta shiga. Sake shi daga tsayin ƙugu a kan ƙasa mai tauri, kada ya rabe biyu.

Sai awon ruwa, wanda shi ne ke tona asirin toka in ta yi yawa. Auna busasshen bulo, nutsa shi a ruwa awa 24, goge, sake aunawa. Ƙarin nauyin kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Bulo mai kilo 2.5 kada ya haura kilo 3. Sannan tsayar da wani a faranti mai ruwa kaɗan, bar shi ya shanye ya bushe, maimaita sau biyu. Ɗan farin ƙura ba komai, amma in fuskarsa ta yi fari fat, tokar tana son wanki ko ragi. Ajiye wasu kuma wata guda a inda laima ke taɓa su, don tsakuwar farar ƙasa ta nuna kanta in tana ciki.

Bulon katanga, ɗakin girki ko gida mai hawa ɗaya, waɗannan gwaje-gwajen sun wadatar. In bene za ka ɗora, kai samfuri a matse shi da injin awon ƙarfi a ɗakin gwajin kayan gini, injiniya ya ga sakamakon kafin a haƙa fandisho. Kuma ko wane iri ne, layukan farko da ke taɓa ƙasa a yi su da bulon tsakiyar tsibi, wanda ya fi shan wuta. Na gefe da suka fito fari-fari a ware su, su ne za su zama rigar tsibi na gaba.